Ƙusar da Na Sa a Gidan Fiyus

Ƙusa ce 'yar ƙarama, irin wadda ake kafa silin da ita, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ni na ɗauke ta da hannuna na cusa a gidan fiyus na motar yayana, a gurbin fiyus ɗin oda, wato hon, da ya ƙone, da na gama abin da nake yi kuma na manta ban cire ta ba. Iyakar laifina ke nan. Haƙorin da ya fita da kan da aka fasa da ɗinkin asibiti, duk manya ne suka yi abinsu. Ni dai ƙusa na sa.

Motar sabuwa ce a wurinmu, ko da yake a wurin Baturen da ya fara hawanta ina jin ta ga jikoki. Yaya ya saye ta a hannun wani Alhaji mai sayar da motocin Kwatano a bakin hanyar fita Malam Madori. Kuɗin kuwa na bijimai biyu ne na Inna, su kaɗai suka rage mata daga garken mahaifinta. Ta yarda a sayar da su ne don Yaya ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Haɗeja da Kirikasamma, gida ya samu na cefane ba sai an jira shinkafa ba. Ranar da aka ja su zuwa kasuwa Inna ba ta leƙo ƙofar gida ba, ta ce tana da wanki.

Alhajin nan yana ba da garanti, amma irin nasa. Babu takarda. A gaban shaidu yake faɗa da baki, kuma wa'adinsa ba na wata ba ne, na sama ne.

Ya ce wa Yaya, “Garantina har ruwan farko. Duk abin da ya lalace ban da taya, ka dawo mini da ita. Amma ranar da ruwa ya taɓa ƙasa, kai da Allah. Na san ku mutanen fadama, da damina kwalekwale kuke mayar da mota.”

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada wani hannu ya taɓa ta. Sai ya zaro kwalbar jan farce daga aljihu, ya buɗe bonet, ya bi kowane noti da kowane mahaɗin waya yana ɗiga masa ja. In aka kwance, jan zai tsage, shi ke nan garanti ya mutu. Injin ya fito kamar amaryar da aka yi wa lalle a gaggauce. Na yi dariya, Yaya ya taka mini ƙafa.

A lokacin shinkafar raninmu ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa, daidai yadda jan baki suke son ta. Wanda bai san jan baki ba zai ce ɗan tsuntsu ne abin tausayi. Ɓarayi ne masu fukafukai. Daga cikin ciyawar kacala suke tasowa da sassafe, baƙi ƙirin kamar hayaƙin taya, su rufe rana, su sauka a gona su tashi sun bar maka kara. Aikina shi ne yaƙi da su. Ina jan igiyar gwangwanaye har tafin hannuna ya sale, ina wurga musu curin laka da majajjawa, ina ihu har muryata ta koma ta tsohon zakara. Waɗanda na kakkaɓo da danƙo nakan fige su in gasa a gaban 'yan'uwansu don su ɗauki darasi. Ba su taɓa ɗauka ba.

Sai Yaya ya tafi Kano neman lamba da takardun mota, aka yi ta ce masa ya dawo gobe. Lungunmu mota ba ta shiga, in an bar ta a bakin titi kuma yara za su rubuta sunayensu a jikinta da ƙusa, don haka ya ajiye ta a ƙarƙashin tsamiyar bakin gonarmu. Ya miƙo mini makulli yana kallona kamar ya fasa.

“Ka tayar da ita da safe ta yi ɗumi, ka kashe. In na ji ka motsa ta daga nan, auta, sai na cire maka kunne na ba ka a hannu.”

Ban motsa ta ba. Wannan ina so kowa ya shaida.

Wata safiya ina zaune a kujerar direba, gwiwar hannuna ta danna oda. Tsuntsayen da ke kusa suka tashi a guje, na can tsakiyar gona ko ɗago kai ba su yi ba. Nan dabara ta faɗo mini. In oda tana korar na kusa, sai a kai odar tsakiyar gona, ni kuwa in kwanta a inuwa ina dannawa.

Na samo tsohuwar odar babbar mota a wurin 'yan gwangwan, bakinta kamar na kakaki. Na ɗauko doguwar wayar da muke jan wuta da ita daga janareton maƙwabta in ana biki. Bonet ban ko kalle shi ba, ni ma ina da hankali, na san inda jan farce yake. Ƙarƙashin sitiyari na shiga, na fere wayar oda da reza, na murɗa tawa a jiki, na ja ta bisa kunya-kunya har tsakiyar shinkafa, na ɗaure odar a kan sanda.

Dannawar farko, wallahi sai da kifi ya yi tsalle a kogi. Jan baki suka tashi gaba ɗaya, wasu ina jin ba su tsaya ba sai Nijar. Dannawa ta biyu, shiru. Fiyus ya ƙone. Na sha ganin masu keke mai ƙafa uku suna cusa guntun waya in fiyus ya mutu, ni kuwa na ga ƙusa ta fi waya ƙwari, ba za ta ba ni kunya ba. Ba ta kuwa ba ni ba. Oda ta dawo da ƙarfinta har da ƙari.

Maƙwabcin gonarmu wani tsoho ne Babarbare, kunnensa ya yi nauyi, sai ka yi masa sallama sau uku ya tambaye ka ko ka ga akuyarsa. Amma wannan odar ya ji ta. Ya taho yana dogara sanda, ya bi wayar da ido daga mota har gona.

“Ɗan Fulani, ashe akwai ƙwaƙwalwa a kan nan? Ni na zaci fura ce a ciki.”

“Baba, ai mu muka koya muku sa wando.”

“Me ka ce?”

“Na ce ka shigo ka danna.”

Ya shiga gaba ya zauna, ya danna, ya ga tsuntsaye sun watse daga tasa gonar ma, ya yi dariya har da tari. Daga ranar kullum yana nan, yana kawo mini kankana, muna karɓa-karɓa. Shi in ya danna ba ya ɗaga hannu, tunda a kunnensa ƙarar kaɗan ce. Wani lokaci nakan ji ƙaurin roba a cikin motar, sai in ce ai masunta ne ke ƙona kacala.

Da Yaya ya bugo wa Inna waya cewa yana hanya, na kwance komai cikin sauri. Na naɗe wurin da na fere da ledar ruwa, na tura shi can ciki, na ɓoye odar a cikin kacala, na share sawuna da reshe kamar ɓarawon shanu. Ƙusa tana nan a inda na sa ta.

Motar ta fara aiki lafiya, ni ne yaron mota in babu makaranta. Ran kasuwar Kirikasamma mun ɗebo mutane har da waɗanda aka cusa a but ɗin baya, da kwandunan bandar kifi a sama, sai ga garken shanu yana tsallaka titi. Yaya ya danna oda. Ya ɗaga hannu, oda ba ta daina ba. Ya buge ta, ta ci gaba da kuka kamar an taka wa jaki wuya. Hayaƙi fari ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, ya koma baƙi, sai ga harshen wuta tsakanin gwiwoyinsa.

Ban taɓa sanin mutum mai ƙiba zai iya fita ta tagar mota ba sai ranar. Wata mata ta taka mini wuya ta wuce, wani dattijo ya fita ya bar takalmi da hula da rabin riga. Yaya ya ɓalle bonet, ya kama kan batir da hannu tsirara yana murɗawa, ƙarfen ya yi zafi har ina jin ƙaurin fatarsa, bai saki ba sai da ya fizge shi. Muka yi ta ɗibar ƙasa muna watsawa a ciki. Da wutar ta mutu, tafin hannunsa na dama ya tashi fari fat, ya tsaya yana kallon motar, bai ko san ya ƙone ba.

Mai wayarin da aka kira ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya daɗe, ya fito yana goge baƙi a goshi. Ya ce wayoyin sun narke sun manne da juna tun daga gaba har fitilun baya, ƙwaƙwalwar motar ma ta soyu. Babu batun faci, sai an sayo dukan wayarin ɗin daga Kano a sake shimfiɗawa. Da ya faɗi kuɗin, Yaya ya ce, “Bijimi guda ke nan,” ya zauna a bakin titi. Gidan fiyus kuwa ya dunƙule ya zama curi ɗaya baƙi, kamar ƙanzon da aka manta a tukunya. Mai wayarin ya jefa shi a kujerar baya. Na san abin da ke cikinsa. Ni kaɗai na sani.

A hanyar gida Yaya ya tambaye ni, “Da ba na nan, ka taɓa wani abu?”

“Ni? Rediyo ma sai na yi bismilla nake kunnawa.”

Ya gyaɗa kai. Ko sake kallona bai yi ba, abin da ya fi damuna ke nan daga baya.

Aka ja motar da igiya har wurin Alhaji. Ya zagaya ta, ya leƙa, ya ce waya ba ta kama wuta haka kawai, wani ya taɓa. Yaya ya buɗe bonet da hannun hagu ya nuna masa jan farcensa, ɗigo-ɗigo, babu wanda ya tsage. Sai Alhaji ya ce ai garantinsa na inji ne da giya. Yaya ya ce a gaban mutane ka ce komai ban da taya. Alhaji ya ce to, a bari ya yi shawara, a dawo jibi. Da yana faɗin jibi, sai na ga ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Daga nan abin ya zama tsere da hadari. Jibi ta zo, aka ce Alhaji ya tafi ɗaurin aure. Aka koma, aka ce yana barci. Zafi ya kai inda ya kai, duk garin ana roƙon ruwa, Yaya kaɗai ne in ya ga gajimare sai ya yi tsaki. Da asuba yakan fita tsakar gida ya shinshina iska kamar tsohon bijimi. Inna kuwa takan shafa masa magani a hannu ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Ni kuwa ina cikin masu roƙon ruwan nan da zuciya ɗaya, don na lissafa in ruwa ya sauka magana ta mutu, ƙusa ta mutu tare da ita.

Ranar da abin ya fashe, hadari ya haɗo tun bayan azahar, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar leda. Muka isa wurin Alhaji muka tarar da yaransa uku zaune a kan benci suna kallon sama suna murmushi. Babban cikinsu, wani ƙato mai wuyan sa, ya ce Alhaji ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ofis. Sai ya buɗe hanci ya ja iska.

“Direba, ka ji ƙamshin ƙasa kuwa?”

Yaya ya matsa kusa da shi. Da hannun da ya ƙone ya kai masa naushi a baki, na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Benci ya kife. Sauran biyun suka rufar masa, ɗaya ya shaƙe shi ta baya, ɗaya yana dukan ciki. Wani mai shayi ya ruga tasha ya faɗa, kafin ka ce me direbobi sun iso, wani da jak, wani da bel, wani da bokitin wankin mota don shi ya samu a kusa. 'Yan'uwan dillalai na maƙwabta su ma suka fito. In ka tambaye ni a makaranta zan ce maka mutum ɗari biyu ne, kuma ni na kayar da bakwai. Gaskiyar ita ce na ɗare bayan wanda ya shaƙe Yaya na kafa masa haƙora a kafaɗa, ya juyo ya yi jifa da ni kamar buhun ƙaiƙayi, na faɗa kan tulin tsofaffin tayoyi ƙafafuna a sama.

Daga nan nake kallon sauran. Gilashin wata mota da ba ta san hawa ba ya tarwatse. Ƙaton nan ya sa wa Yaya kai a fuska, Yaya ya tofar da jini da wani abu fari a ciki, ya sake shiga. Alhaji ya fito ba hula yana ɗaga hannu yana cewa a bari, wani ya watsa masa ruwan bokiti. Sai na ga sifanar taya ta tashi sama ta sauka. Ban ga hannun da ya riƙe ta ba. A kan wani ƙaramin yaro ta sauka, wanda ke wanke wa Alhaji motoci, sa'ana ne, muna haɗuwa a filin ƙwallo.

Ya zauna a ƙasa a hankali kamar wanda ya gaji. Ya dafe kai, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana sauka a gwiwar hannu, yana ɗiga a kan wandonsa. Bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce, “Ina silifas ɗina ɗaya?” Na rarrafa na nemo masa. Faɗan ya tsaya cak. Aka ɗauke shi a keke zuwa asibiti, rigar wani direba a naɗe a kansa.

Hadarin nan kuwa iska ce kawai. Ko ɗigo bai sauka ba.

Da daddare ban iya cin tuwo ba, Inna ta zaci faɗuwar da na yi ce. Yaya yana kurkure baki da ruwan gishiri, ya dafa kaina ya ce, “Auta, na ga cizon da ka yi. Ka cika ƙanena.” Kunya ta kama ni, sai da na fita waje na tsaya.

Ba a kai magana wurin 'yan sanda ba, don kowane ɓangare yana da wanda zai kwana a can. Ciyaman ɗin dillalai da shugaban direbobin tasha suka ce za su zauna su raba. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar Alhaji, motarmu a gefe, toka da ƙasa har yanzu a cikinta. Yaron nan yana zaune a bayan Alhaji, an aske rabin kansa, ɗinki a jere kamar bakin buhu. Ban yarda mun haɗa ido ba.

Aka sa mai wayarin ya bi jan farce ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Babu wanda ya tsage. Shaidun ciniki suka ce lalle Alhaji ya ce komai ban da taya. Ciyaman ya ja carbi, sannan ya ce abu ɗaya ya rage. Yaya ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa tun ranar da ya karɓi motar babu hannun da ya taɓa wayarta, nasa ko na wanda ya ba amana. In ya rantse, Alhaji zai gyara daga aljihunsa, kuɗin ɗinki kuma a raba biyu.

Yaya ya miƙe ko jinkiri babu, ya ɗauki buta. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya san ya faɗi. Na ce wa kaina ai shi bai sani ba, rantsuwar wanda bai sani ba ba ta kama shi. Na sake faɗa wa kaina. Maganar ba ta zauna mini ba.

Yana cikin wanke ƙafa sai ga tsohon nan maƙwabcin gonarmu. Ya shigo gari sayen taki, ya hango motar daga titi, ya ratso da sandarsa har tsakiyar tabarma, bai ko lura da zaman da ake yi ba. Ya shafa jikinta kamar mai gaida mara lafiya. Kuma da yake ba ya jin kansa, in zai yi magana duk unguwa sai ta ji.

“Wayyo, ita ce ta koma haka? Motar da ta cece mu bana. Ku ba ku san yaron nan ba,” ya nuna ni da sanda. “Ɗan Fulani ne amma Allah ya yi masa kai. Waya ya ja daga ƙarƙashin sitiyarin nan har tsakiyar gona, ya ɗaura ƙaho. Ni da hannuna na yi ta dannawa. Jan baki ko ƙwaya ba su ci mana ba.”

Wani direba ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Alhaji ya ɗago kai a hankali.

Yaya ya taho, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, Baba tsufa ya kama shi, ba ya ji, ba ya gani sosai. Wata motar yake nufi.” Sai ya juyo gare ni, leɓensa a kumbure, gurbin haƙorin nan a buɗe. “Auta, faɗa musu.”

Da na ce ƙarya ne, da an yarda. Tsohon nan ya taɓa rantsewa ya ga dorina a rijiyar masallaci, kowa ya sani. Ni kuma ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba, a makaranta har layi ake yi a ji tawa. Na dubi Alƙur'anin a kan darduma a gaban Ciyaman, na dubi hannun Yaya mai tsumma da zai dafa shi, na dubi ɗinkin kan yaron nan.

Na ce, “Ƙusa ɗaya ce kawai, Yaya.”

Mai wayarin ya ɗauko curin nan baƙi daga kujerar baya, ya aza a kan dutse, ya sa guduma. Bugu na biyu ya dare. Ƙusar ta faɗo ta gangara har gaban Ciyaman, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya ɗauka ya juya ta, ya miƙa wa Alhaji, Alhaji ya miƙa wa Yaya.

Tsohon ya ce, “Me ake ciki ne? Sayar da ita za a yi?”

Ban tsaya jin amsa ba. A labarin da nake ba abokaina, na tsallake motoci huɗu da katanga, na yi iyo na haye kogi. A gaskiya ko bakin titi ban kai ba. Yaya ya cafko ni ta wuyan riga, ya zari tsohon fambel, bel ɗin roba na inji, daga ƙasa. Na farko a gadon baya ya sauka, na ji kamar an ɗora mini garwashi a layi. Na biyu a cinya. Daga nan na daina sanin inda suke sauka. Ba ya zagi, numfashinsa kawai nake ji da ƙarar robar. Direbobin da suka yi faɗa dominsa suna tsaye, babu wanda ya matso. Ƙunar hannunsa ta fashe, jini ya jiƙa tsumman, bai daina ba. Wanda ya zo ya riƙe masa hannu a ƙarshe Alhaji ne.

“Ya isa haka, direba. Kashe shi ba zai gyara waya ba.”

Yaya ya saki fambel ɗin. Ya juya wurin yaron mai ɗinki ya tsuguna a gabansa, ya ce ya yafe masa. Ya ce wa Alhaji shi ma ya yafe. Sannan ya tafi gida a ƙafa, bai waiwayo ya ga ko ina biye ba.

Inna ta gasa mini baya da ruwan zafi, tana dannawa da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ina ihu tana cewa in yi shiru maƙwabta na ji. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta gama ta matse tsumman, ta ce jan bijimin nan da aka sayar, ita ta ba shi madara da hannunta lokacin da uwarsa ta mutu. Ta ɗauki kwanon ta fita. Na fi son fambel.

Na yi kwanaki ina kwana a kife. A cikinsu ruwan farko ya sauka, mai yawa, har lungunmu ya cika.

Alhaji bai biya ko waya ɗaya ba. Yaya ya biya ɗinkin yaron da gilashin da aka fasa shi kaɗai. Shinkafarmu ta bana ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, tunda tsuntsu bai ci ba, kuma kusan dukkanta a wurin mai wayarin ta ƙare. Motar tana kan hanyar Kirikasamma har yanzu, Yaya bai sa haƙori ba, Inna ba ta mayar da bijimi ko ɗaya ba. Makullin kuwa tun daga ranar bai sake shiga hannuna ba.